Kalmar *Hooliganism*: Ma'anarta da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin fassara yakan ci karo da kalmar Ingilishi *hooliganism* a jaridun Ghana, musamman a labarin ƙwallon ƙafa. Wannan takarda za ta duba ma'anarta, sannan ta auna kalmomin Hausa da ake fassara ta da su.

2.0 Asali da Ma'ana

Kalmar *hooligan* ta bazu a jaridun Landan a shekarar 1898, ana kiran matasan da ke tayar da hankali a tituna da ita. Da aka yi mata ɗafa-ƙeyar *-ism* sai ta zama sunan halin kansa. Ma'anarta ta ƙunshi abu uku: hayaniya, ɓarna da bijire wa hukuma, galibi a cikin taro.

3.0 Takwarorinta a Hausa

(a) Tsageranci: rashin kunya da tsaurin ido, ko na mutum ɗaya ne.
(b) Kangara: halin yaron da ya fi ƙarfin iyayensa, babu batun taro a ciki.
(c) Daba: ƙungiyar matasa masu makamai, irin waɗanda aka sani a unguwannin Kano.

Babu wadda ta haɗa sassan uku. A ɗauka magoya bayan wata ƙungiya sun jefi alƙalin wasa a filin Aliu Mahama na Tamale. Idan mai fassara ya ce wa mutanen Zango "'yan daba", ya ɗora musu wuƙar da ba su riƙe ba. "'Yan kallo sun yi tarzoma" ya fi dacewa.

4.0 Nauyin Kalma

Ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, 'yan kallo suka jefa kujeru cikin fili, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsutsu. Kwamitin bincike ya zargi 'yan sanda da wuce gona da iri. Wanda ya taƙaita labarin da "ɗanyen aikin tsageru" ya jingina laifin duka ga mamata.

5.0 Kammalawa

Kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, ya tambayi kansa: su nawa ne, me suka riƙe, wa suka bijire wa?