Gyaran zaure da ƙofar gida don salla

Idan azumi ya kai kwana 20, gari yakan canza. Teloli ba su barci, mata na wanke kwanoni da tasoshi, ana ta kitso da lalle. Gida ma yana da tasa kwalliyar, kuma daga zaure take farawa. Yara, a wannan darasi za mu ga abin da ya sa ake gyaran zaure, da kayan da ake aikin da su, da yadda aikin yake bi da bi.

Amfanin zaure

Zaure shi ne ɗakin farko na gidan Bahaushe. Yana da ƙofa biyu: ɗaya tana duban titi, ɗaya tana shiga cikin gida. Magina ba su sa su daidai da juna, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. A zaure maigida yake karɓar baƙinsa, nan yake cin tuwo da maƙwabta. Nan malam yake karantarwa, nan baduku ko tela yake sana'arsa. Baƙo namiji yakan tsaya nan ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai da izini.

Ranar salla, in an sauko daga idi, zaure ba ya rabuwa da mutane. Dangi da abokai suna zuwa barka da salla, yara suna zuwa neman goron salla. Da yawansu ba za su ga komai na gidan ba sai ƙofa da zaure. Da abin da suka gani nan za su auna mutanen gidan.

A dubi lokaci

Ƙaramar salla tana zuwa ran 1 ga watan Shawwal, babbar salla ran 10 ga Zulhajji. Shekarar wata tana da kwana 354 ko 355, wato ta gaza shekarar rana da kamar kwana 11. Saboda haka salla tana zagaya lokutan shekara duka, sai bayan kamar shekara 33 take komowa inda ta faro. A 2000 an yi ƙaramar salla a ƙarshen Disamba, cikin ɗari. A 2011 ta zo a ƙarshen Agusta, tsakiyar damina. A 2024 kuwa ta faɗo cikin Afrilu, ana tsananin zafi.

Wannan lissafi yana da amfani ga mai gyaran gida. Da rani ana iya sabon yaɓe, zai bushe. Da damina ba a yi, don ruwa ɗaya ya isa ya wanke wahalar mako guda. Sai dai a toshe tsaga, a gyara indararo, a yi shafe cikin zaure. Ko yaushe ne dai, a soma tun da sauran kwana 10. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan aiki

Kakanninmu ba su sayo kayan ado daga nesa ba. Ga abin da suke amfani da shi:

Jar ƙasa: ana kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana biyu ko uku. Ciyawar ce take hana yaɓe tsagewa.

Makuba: ɓawon ƴaƴan ɗorawa ne. Ana jiƙa shi har ruwan ya yi ja wur, a kwaɓa ƙasa da shi. Yana ƙara wa bango ƙarfi, ruwan sama ba ya saurin cin sa.

Katsi: laka ce da take kwanta a gindin rijiyar marina. Ana kwashe ta, a busar, a ƙone, a daka. In an gama ta da gashin dabba na majema da ruwan dafara, sai ta zama laso, wanda ake shafe bango da rufin soro da shi.

Launi: fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasa, baƙi daga gawayi, shuɗi daga bula. Akan zuba ruwan ƙaro a ciki don launin ya kama, kada ya goge a rigar wanda ya jingina.

Yadda aikin yake bi da bi

Da farko a fitar da kome daga zaure. A kakkaɓe yanar gizo da gidan zanzaro, a duba azara ko gara ta shige ta. Sannan a bi bango a toshe kowace tsaga da ramin ɓera, tun da sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kafin a ɗora sabuwar ƙasa a yayyafa wa tsohuwar ruwa, in ba haka ba ba za su kama juna ba.

Na biyu shi ne shafe. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata inda aka gama. Shafe marar kauri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri yana ɓamɓarewa. A yi aikin da sassafe ko da la'asar, rana mai zafi tana busar da shi da gaggawa har ya tsattsage. Farar ƙasa ta kanti, wadda take tafasa in an zuba ta a ruwa, tana cin hannu, tana ɓata ido. Babba ne yake jiƙa ta, yara su tsaya nesa. In ta fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi likita nan da nan.

Na uku shi ne daɓe, aikin mata. Suna baza tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta yi sumul. Maƙwabta sukan taru su taya juna, yau gidan wannan, gobe gidan waccan.

Zanen ƙofa

Zane iri uku ne. Akwai wanda magini yake ɗora ƙasa da hannu har siffar ta taso bisa bango. Akwai wanda ake karta ɗanyen yaɓe da wuƙa ko tsinke. Akwai kuma na launi kawai. Siffar da aka fi sani ita ce dagi, wanda kuke gani a wuyan babbar riga. Ana kuma zana takobi, da allo, da tauraro da jinjirin wata. A ƙarni na 20 magina suka ƙara keke da agogo da jirgin sama. Can bisa kusurwar soro kuma akwai zanko, mai kama da kunnen zomo.

Wanda yake son ganin gwanintar wannan aiki ya zaga unguwar Birni a Damagaram, garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926. A ƙasar Tawa kuma akwai masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma ginawa da ƙasa a 1962. A 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na ƙasashen Musulmi. Ku lura, da ƙasar da muke takawa aka gina shi.

Mutane da yawa sun koma ga siminti da fentin gwangwani, suna ganin ado na ƙasa na ƙauye ne. Amma siminti bisa bangon ƙasa ba ya daɗewa: laima tana taruwa a bayansa, wata rana ya faɗo gaba ɗaya. Zauren ƙasa kuma ya fi na kwano sanyi da bazara. In yara ba su zauna kusa da tsofaffin magina sun koya ba, ranar da suka ƙaura sanin zai bi su.

Jajibiri

Ranar jajibiri sai ƙarashe. A share ƙofar gida har bakin titi, a kwashe juji, a cike kwatami, a zuba sabon rairayi, a yi yayyafi don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa tabarmin kaba a zaure da bisa dakali, da buzu ko darduma wurin manya. A ajiye tulun ruwan sanyi da moɗa mai tsabta, da buta a waje. Da dare a kunna fitila a ƙofa, da safe a sa turaren wuta.

Da babbar salla akwai ƙarin kula. A garuruwanmu ana jera ragunan layya a tsire kewaye da wuta a ƙofar gida. A hura wutar nesa da zana da sabon shafe, a binne jini da tumbi cikin rami, a hana ƙanana wasa kusa da garwashi.

Wanda ba shi da kuɗin launi kada ya ji kunya. Tsintsiya da ruwa da rairayi ba su cin ko dala, kuma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi

1. Don me ƙofofin zaure biyu ba su duban juna?
2. Da me ake yin makuba? Mene ne amfaninta?
3. Don me ba a sabon yaɓe da damina?
4. Bangon zaure yana da tsawon mita 4 da tsayin mita 3. Ƙofarsa mita 2 ce bisa mita 1. Murabba'in mita nawa za a shafe?

Aiki

Ku je wurin wani magini a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku ce: «Baba, muna so ka gaya mana sunayen zanen da ka iya.» Ku rubuta sunayen cikin kayenku, kowa ya zana guda ɗaya, ku kawo lakkol mu manna a ƙofar ajinmu kafin hutun salla.