Kaliningrad Ba Ta Hannun Aro

Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a shafukan sada zumunta: wai akwai yankin da Rasha ke riƙe da shi aro, wa'adin shekara 50 da aka ɗibar mata ya cika, Jamus na shirin karɓe kayanta. Yankin shi ne Kaliningrad, ɗan fili a bakin tekun Baltik da Poland da Lituweniya suka sa a tsakiya, babu inda ƙasarsa ta haɗu da sauran Rasha. Masu son ƙwallo sun san babban garin yankin mai wannan suna, can ne Kuroshiya ta ci Najeriya 2 da nema a gasar kofin duniya ta 2018.

Cewa garin na Jamusawa ne a da, wannan gaskiya ce. Königsberg ne sunansa tun kafa shi a 1255, nan aka haifi masanin falsafa Immanuel Kant a 1724, kabarinsa na jikin babbar majami'ar garin, har yau angwaye da amare na zuwa ajiye furanni a kai. Sojojin Tarayyar Sobiyat suka ci garin a Afrilun 1945, aka sauya masa suna a 1946. Amma wa'adin shekara 50 ƙarya ce tsagwaronta, babu shi a yarjejeniyar Potsdam ta 1945. Abin da ke cikinta shi ne an damƙa wa Sobiyat yankin kafin a kammala sulhu na ƙarshe, Amurka da Birtaniya kuma suka yi alkawarin mara mata baya idan ranar ta zo. Mai gardama zai ce ai ke nan magana ba ta ƙare ba. Ta ƙare ranar 12 ga Satumbar 1990 a Mosko, inda Jamus ta Gabas da ta Yamma suka sa hannu tare da Amurka, Birtaniya, Faransa da Sobiyat cewa haɗaɗɗiyar Jamus ba ta da'awar ƙasar kowa, ba kuma za ta yi nan gaba ba. Da wannan sharaɗin aka yarda Jamus ta haɗe. Abin haushi, takardar ba a ɓoye take ba, ƙyuyar karatu ce kawai ke sa mutum ya tura wa jama'a abin da bai duba ba.

To, ko da babu yarjejeniya, wa za a mayar wa garin? Jamusawan da suka rage bayan yaƙi an kwashe su tsakanin 1947 da 1948, aka zuba mutane daga Rasha, Belarus da Yukiren. Mutum kusan miliyan 1 da ke can yau da yawansu jikokinsu ne, Rashanci suke yi. Gadon Jamus a gine-gine ya rage, shi ma ba duka ba, don jiragen Birtaniya sun ƙone tsakiyar garin a 1944, aka rushe kufan fadar sarki a ƙarshen shekarun 1960. Kuma son tsohon gini ba son ɓallewa ba ne, ko da yake masu zafin kishin Rasha kan kasa bambancewa: a 2018, da ake ƙuri'ar sunan da za a sa wa filin jirgin sama, sai da aka watsa wa gunkin Kant fenti.

Inda rigimar gaskiya take shi ne hanya da makamai. Maƙwabtan biyu, Poland da Lituweniya, suna cikin NATO da Tarayyar Turai, ga rundunar ruwan Rasha a Baltisk, ga makamai masu linzami na Iskander. A Yunin 2022 Lituweniya ta hana wucewar kayan da aka sa wa takunkumi ta layin dogonta, hankali ya tashi, sai da Tarayyar Turai ta sassauta bayan wata guda.

Don haka idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, nemi sunan yarjejeniyar da shekararta, ka duba ko gwamnatin Jamus ce ta faɗa ko wani mai neman mabiya. Ka rarrabe barkwanci da labari, don iƙirarin da 'yan Cek suka yi a 2022 na mallake garin zolayar Rasha ce kawai. Ka kuma sani Poland ta koma kiran garin Królewiec a 2023, amma a taswirarta ta sauya suna, iyaka tana nan inda take.