Me ya sa direban manhaja ke tambayar "Ina za ka?" kafin ya zo Romi?

Idan kana zaune a Unguwar Romi ko Gonin Gora, kuma ka taɓa kiran mota ta waya, to ka san wannan abin. Ka latsa, manhaja ta ce an samo maka direba, ga sunansa ga lambar motarsa, nan da minti goma zai iso. Ba a daɗe ba sai wayarka ta yi ƙara: "Ranka ya daɗe, ina za ka?" Idan ka ce Kawo ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, sai ka ji ya ce ga shi nan tafe. Idan kuwa ka ce nan kusa ne, Command Junction ko Sabon Tasha, sai ya ɗan yi shiru. Daga nan ko dai ya ce sai ka ƙara wani abu a kan kuɗin da manhaja ta nuna, ko ka ga motar ta tsaya cik a taswira har ka gaji ka soke da kanka.

Da yawa muna ɗaukar wannan a matsayin son kai ko rashin mutunci. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya gane lissafin zai gane kusan duk abin da ya bambanta motar manhaja da tasin da muka saba shiga.

Abin da ke faruwa idan ka latsa

Matakin farko shi ne wayarka ta san inda kake. Tana sauraron saƙonnin taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Kowanne yana aiko da lokacin da saƙonsa ya taso, wayar kuma ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso. Da saƙon taurari huɗu za ta iya fitar da wurinka. Aikin na da laushi ƙwarai, domin saƙon na gudu ne da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai kai ka mita 300 daga inda kake. A fili, wayoyin yau kan dace da wurin da tazarar 'yan mitoci. A cikin ɗaki mai rufin kwano kuwa saƙon kan raunana ko ya yi ta karo da gine-gine, shi ya sa direba ke tsayawa a bayan layinku yana rantsuwa cewa ya iso.

Mataki na biyu, kwamfutar kamfanin ta zaɓi direba. Ba wanda ya fi kusa a ido take nema ba, wanda zai fi saurin isowa take nema. Mutumin Romi ya fi kowa sanin bambancin. Motar da ke tsallaken titin Abuja tana iya zama kana hango ta, amma sai ta je ta sami wurin juyawa kafin ta dawo gare ka. Haka motar da ke arewacin kogin Kaduna, komai kusancinta a taswira, dole sai ta nemi gada.

Sai na uku, farashi: wani ɗan kuɗi na somin tafiya, a ƙara na kowace kilomita da na kowane minti. A cikin kuɗin nan kamfani ke cire kamashonsa, wanda a manyan manhajojin Najeriya yakan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu. Lura da kyau: lissafin yana somawa ne daga lokacin da ka shiga motar. Tafiyar da direba ya yi don ya zo gare ka, da wadda zai yi bayan ya sauke ka, a aljihunsa suke.

Tafiyar wofi

Bari mu ƙaddara wasu lambobi masu sauƙi don misali kawai. A ce motar na shan lita ɗaya a kowace kilomita 10, litar kuma naira 1,000 ce. Kowace kilomita na cin naira 100 na mai kenan. Direba yana Barnawa, a ce kilomita 6 daga gidanka. Kai kuma tafiyarka kilomita 3 ce, manhaja ta yanka naira 2,000. Kamfani ya ɗauki 400, saura 1,600. Direban ya yi kilomita 6 zuwa, 3 da kai, sannan wasu 6 ɗin don komawa inda fasinjoji suke. Kilomita 15 kenan, man 1,500. Ribarsa naira 100, alhali ba a yi maganar taya da baƙin mai da kuɗin data ba, balle balas ɗin da zai kai wa mai mota da yamma idan ba tasa ba ce.

Yanzu a ce Kawo za ka, kilomita 20, manhaja ta yanka 6,000. Kamasho 1,200, man kilomita 26 kuma 2,600. Saura 2,200, ga shi kuma ya sauke ka a inda zai iya samun wani fasinjan ba tare da ya yi nisa ba. Ka ga dalilin tambayar nan ta "ina za ka?". Haka nan idan dare ya yi kana cikin gari ka ce a kai ka Romi, abin da ke ransa shi ne zai dawo wayam.

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, direba na iya haɗiye wannan asara ya yi shiru. Da aka cire tallafin mai farashin ya haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma zarce 1,000 a ƙarshen 2024. Tafiyar wofi tana nan yadda take, kuɗinta ne ya ninka sau biyar.

To ina amfanin manhajar? Ai asalin alfaharinta shi ne rage wannan tafiyar wofin. A 2016 wasu masana tattalin arziki biyu, Judd Cramer da Alan Krueger, sun kwatanta direbobin Uber da na tasi a wasu biranen Amurka. A Los Angeles sun samu cewa direban tasi na ɗauke da fasinja ne a kusan kashi 41 cikin ɗari na nisan da yake yi, na Uber kuwa kusan kashi 64. Dalili kuwa, maimakon ya yi ta yawo yana neman wanda zai ɗaga hannu, kwamfuta na haɗa shi da na kusa. Sai dai wannan riba tana da sharaɗi: sai motoci da fasinjoji sun yi yawa a wuri guda. Inda suka yi yawa, jira kan ragu, sai mutane su ƙara kira, sai direbobi su ƙara taruwa. Inda suka yi ƙaranci, abin kan juya da baya: jira ya yi tsawo, mutane su haƙura su hau keke, direbobi su daina zuwa. Unguwannin gefen gari irin Romi sun fi faɗawa cikin wannan na biyun.

Tasinmu ba irin na Los Angeles ba ne

Nan ne nake ganin ake yawan kuskure idan ana cewa manhaja za ta kashe tasi. Tasin da Uber ya tarar a Amurka, mutum ɗaya ke ɗaukarsa ya biya kuɗin motar gaba ɗaya. Namu na Kaduna, da bas da Keke Napep, lodi suke yi. Direba na tsaye a tasha da injin a kashe har mota ta cika, ya bi hanya ɗaya da aka san tana da jama'a, yana saukewa yana ɗauka. Jiran lodi na cin lokaci, amma ba ya cin mai. Kuɗin man kuma ya rabu tsakanin mutum biyar ko shida. Wato tun kafin a ƙirƙiro wayar zamani, 'yan tasha sun riga sun magance matsalar tafiyar wofi ta hanyarsu. Fasinja ne ke biyan farashin da jikinsa: matsi, zafi, jira, da sauka a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa.

Saboda haka abokin gasar manhaja na gaskiya shi ne shata. Mai kai mara lafiya asibiti, mai kama jirgin safe a Rigasa, uwa da yara uku da kaya, waɗannan su ne da can suke tsayawa a bakin titi suna ciniki. Kuma a nan manhaja ta kawo sauyi na gaske, domin a cinikin shata direba ya san abin da kai ba ka sani ba. Ya san nisan, ya san kuɗin da aka saba biya, kuma ya san da wuya ku sake haɗuwa. Baƙon da ya sauko daga jirgi da jaka a hannu shi ne ya fi shan wannan. Manhaja ta sa farashin a gaban kowa kafin a tashi.

Ba duk manhajojin ne ke yanke farashi da kansu ba. Bolt, wanda aka kafa a ƙasar Estoniya a 2013 da sunan Taxify kuma ya shigo Najeriya a 2016, shi ke yankewa. Shi kuwa inDrive ciniki ya mayar cikin waya: ka faɗi abin da za ka biya, direbobi su karɓa ko su taya. Asalinsa ma abin dariya ne ga ɗan Kaduna. A birnin Yakutsk na Rasha aka faro shi, bayan da direbobin tasi suka ninka kuɗi a wani lokacin tsananin sanyi, mutanen gari suka buɗe zaure a intanet suna ciniki kai tsaye da masu motoci. Mu da ke ciniki tun kaka da kakanni, ga shi an dawo mana da shi a matsayin fasaha.

Idan hadari ya taso

Ruwan Agusta ya sauko da yamma, kowa na son mota, sai ka ga kuɗin ya tashi. Kwamfutar na ƙirga masu nema da motocin da ke sake a kowane yanki, idan masu nema sun rinjaya sai ta ɗaga farashi. Manufa biyu ce: wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba ce ya dakata, direban da ke nesa kuma ya ga zuwan ya biya shi. An taɓa ganin abin da ke faruwa idan babu wannan tsarin. A daren shiga shekarar 2015 a New York, na'urar ƙarin farashin Uber ta samu matsala na tsawon minti 26. Farashi ya koma yadda aka saba, amma akasarin waɗanda suka nemi mota a lokacin ba su samu ba. Masu binciken da suka fitar da labarin suna da alaƙa da kamfanin, don haka a karanta da wannan a zuciya. Kuma ko da lissafin ya yi daidai, bai amsa tambayar da ta fi damuna ba: wanda ya fi buƙatar motar ba lallai ne shi ne ya fi iya biya ba.

Batun "soke mu yi ciniki"

Daga lissafin da muka yi, ka ga abin da direba ke so: ya tsira da kamashon nan. Kai ma wani lokacin ana rage maka. Amma ka san abin da kake bayarwa. Manhaja ba ta sa mutumin banza ya zama na kirki, abin da take yi shi ne ajiye shaida: sunan direba, lambar mota, hanyar da aka bi da lokacin da aka bi ta, da damar tura wa ɗan'uwa tafiyar yana kallo. Da zarar ka soke, a wurin kamfani ba a yi tafiyar ba. Idan ka manta waya a kujera, ko wani abu mafi muni ya faru, ka koma matsayin wanda ya tare motar da bai sani ba a bakin titi. Shi ma direban haka, domin su ma ana yi musu fashi ta hanyar kiran ƙarya. Kuma shaidar ba ta da amfani idan motar da ta zo ba ita ce a waya ba, don haka a duba lamba da fuska kafin a buɗe ƙofa.

Ga wanda ke cikin lungunan Romi kuma, abin da ya fi saurin kawo mota shi ne rage wa direba wahalar zuwa. Idan da hali, a tako zuwa bakin babban titi, a ɓangaren da tafiyar ta nufa, sannan a latsa daga can. Wayar za ta fi gane wurin a fili, direban ba zai shiga ramuka yana neman gida mai jan ƙyaure ba, kuma idan ya kira yana tambayar inda za a je, a faɗa masa gaskiya tun farko, ya soke da wuri idan ba zai zo ba, a nemi wani.