Haƙorin Makka ko fallen ado: wanne ya dace da haƙorinka?

A Alakos, kowa ya san haƙorin Makka. To, shi ne ɗan'uwan abin da likitocin haƙori ke kira kuron da Faransanci: hula ce da ke rufe haƙori gaba ɗaya. Ana sa ta ne idan haƙori ya karye ko ya ruɓe sosai, kuma sai an kankare shi kamar milimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe.

Ɗayan kuwa, faset, siririn falle ne da ake mannawa a fuskar haƙorin gaba kawai. Kankarewa kaɗan ce, wajen rabin milimita. Amma fa ado ne. Mai tauna ƙashi ko ɓare rake da haƙori zai iya fasa shi.

Abin lura, jama'a: farin ɓawon haƙori in an kankare, ba ya sake tsirowa. Hular da ba ta zauna daidai ba kuma, abinci yakan maƙale ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

Idan jan goro ne damuwarka, kafin ka kashe jakunkunanka, je Damagaram likita ya duba. Wataƙila wanki kawai ya isa.