Attajirai da Masana'antu: Daga Gyaɗa zuwa Siminti

In ka fito daga Dogo Tebo ka tsaya a bakin babban titin Potiskum, ba za ka daɗe ba sai ka ga tirela maƙare da siminti, an rubuta Dangote a jikin buhunan. Asalin wannan dukiya kuwa goro ne da gyaɗa.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya tashi yana fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka buɗe ciniki, domin masana'antun mai da sabulu na Ingila suna bukatar gyaɗa. Amma Turawan ba su san manoma ba, manoma kuma ba su san su ba. Ɗantata ne ya shiga tsakani. Yakan ba yaransa jari su bazu ƙauyuka su sayo, a jibge buhuna har su zama dala. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, don dogo ya kai Nguru a 1930. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, an ce raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗinsa ajiya. Ya rasu a 1955.

Sai dai ka lura da abu ɗaya: gyaɗar nan ɗanya ake fita da ita, a can ƙetare ake matse ta, can kuma babbar ribar take zama. Daga baya ne attajiranmu suka shiga kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa. Tattaɓa-kunnen Ɗantata ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, shi ya gina kamfanin siminti na Obajana da matatar mai ta Legas, wadda aka ƙaddamar a 2023.

To, yaya jama'a suke kallon irin waɗannan mutane? Direban da ke ciyar da iyalinsa da dakon siminti zai gaya maka alheri ne. Wasu sukan ambaci masallatai da makarantun da suka gina da zakkar da suke fitarwa. Magidancin da gininsa ya tsaya a linta saboda tsadar buhu kuwa, cewa zai yi mutum ɗaya ya kankane kasuwa, gwamnati kuma ta tare masa abokan gasa da ta taƙaita shigo da siminti daga waje. A ganina wannan ƙorafi ba hassada ba ce kawai, domin inda masu sayarwa suka yi kaɗan, mai saye ba shi da bakin tayi.