Abijan a Kan Sirdin Keke: Daga Adjamé Zuwa Rami Marar Gindi

Duk wanda ya ce zai ratsa Adjamé a keke, mutanen Abijan kallon mai taɓin hankali suke yi masa, kuma da gaskiyarsu. Nan ne gidan gbaka, ƙananan bas ɗin da yaransu ke lilo a bakin ƙofa suna kiran unguwanni, ga tasin woro-woro, ga masu amalanke, kowa ya ɗauki titi gadon gidansu. Maganin abin sammako. Da an sallame sallar asuba a babban masallacin titin Nangui Abrogoua, mai keke yana da ɗan lokaci kafin gari ya farka ya ƙwace hanyarsa.

A wannan ɗan lokacin na fara cin karo da abin da ya bi ni har bakin teku. A gefen titi ga tebur, ga benci, ga gwangwanayen madara an jera, wani yana kaɗa kofi yana yanka burodi. Sunan mai wannan sana'a a bakin mutanen Abijan "aboki". Kalmarmu ce ta shiga Faransancin titi ta zauna daram, har wanda bai taɓa jin Hausa ba zai ce maka ya tafi wurin aboki karya kumallo. Wanda ke cikin mota gilashi a rufe ba ya jin irin wannan. Mai keke kuwa ƙafa kawai zai sauke.

Daga Adjamé hanya ta nufi kudu zuwa Plateau, unguwar bankuna da ofisoshi, ta gefen barikin Galliéni. Ba a banza barikin yake nan ba. Da Faransawa suka mai da Abijan babban birni a 1934, tudun tsakiya suka keɓe wa kansu, suka tura baƙar fata arewa zuwa Adjamé da kudu zuwa Treichville, soja ya tare wancan gefe, ruwan tafkin Ébrié ya tare wannan. Bakano zai tuna da filin da Turawan Ingila suka bari tsakanin Nasarawa da sauran gari. A Plateau akwai La Pyramide, dalar siminti da Rinaldo Olivieri ɗan Italiya ya zana, aka gama a 1973, ta daɗe tana tsufa a tsakiyar benayen gilashi. Kallo ɗaya ya ishe ta.

Gadar Houphouët-Boigny ce ta cancanci a sauka a tura keke. An buɗe ta a 1957, kuma hawa biyu ce: motoci a bisa, jirgin ƙasa yana bi ta cikin cikinta. Dogon da ke ƙarƙashin ƙafarka shi ne wanda aka raɗa wa suna Abidjan-Niger. An soma shimfiɗa shi a 1904, ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. Shekara hamsin ana tafiya, kogin Kwara ko daga nesa bai hango shi ba, balle Yamai. (Mutanen Yamai ma sun ga an buɗe musu tashar jirgi a 2014, an ja dogo zuwa Dosso, har yau ciyawa ke hawansa.) Dogo bai je Nijar ba, sai Nijar ta ɗauro ƙunshinta ta taho da kanta, a bayan manyan motoci, ta sauka a ƙetaren wannan gada.

Treichville ta ci sunan Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa Faransa hanyar mallakar ƙasar. An yanka unguwar kamar gidan dara, titunan da lamba ake kiransu: Avenue 16, Rue 12. Ga mai keke wannan rahama ce, ƙasa shimfiɗe, ɓata kuma sai da gangan. A waɗannan tituna Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa "Moi, un noir" na 1958, a kan samarin Nijar da suka zo ci-rani suna neman aikin yini a bakin tashar jiragen ruwa. Jigon fim ɗin wani ɗan dako ne, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocin, mai suna Oumarou Ganda. Daga ɗaukar buhu ya koma Yamai ya zama mai shirya fim, kuma "Le Wazzou polygame" nasa ne ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981. Cibiyar al'adun Yamai sunansa take ɗauke da shi. Na yi ta kewaya Rue 12 ina kallon samari masu tura kaya, ina tunanin wane ne a cikinsu.

Tashar kanta, Port autonome d'Abidjan, ba a shigar ta sai da takarda, saboda haka mai keke katanga yake bi. Ko ta wajen ma akwai abin gani: kwantenoni an ɗora su kamar tubali, injinan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama, tireloli masu lambar Mali da Burkina sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Hanci ma yana da rabonsa. Kwaddibuwa ce kan gaba a duniya wajen noman koko, kuma a wasu wurare iska ƙamshin gasasshen koko take kawowa, ka ƙara feda kaɗan ta juye ta zama ƙarnin kifi.

Wannan ƙarni shi ya kai ni ga Garba. Abijan na cikin manyan tashoshin kifin tuna na Afirka. Jiragen su suna sauke na kirki ga kamfanonin gwangwani, ƙanana da waɗanda suka ƙuje kuma, da ake kira "faux thon", wato jabun tuna, su fita kasuwar gari. Shi ake soyawa a ɗora a kan aceke, tsakin rogon nan mai ɗan tsami, a yanka tarugu da albasa, a ci da hannu. Sunan abincin garba, rumfar da ake sayar da shi garbadrome. Magana biyu ake yi a kan asalin sunan: wasu sun ce daga Dicoh Garba ne, ministan da ya bunƙasa kamun tuna a shekarun 1970, wasu sun ce daga 'yan Nijar ne da suka riƙe sana'ar, waɗanda Garba ya yi yawa a cikinsu. Ni dai na karkata ga ta biyu, don mai kaskon da ya zuba mini da Hausar Tawa ya tambaye ni ko a ƙara yaji.

Ƙarshen tafiya mashigin Vridi ne, bayan doguwar hanya cikin hayaƙin tankokin mai. Abijan asalinta ba ta da tashar teku, domin wani siririn tudun yashi ya raba tafkin da Tekun Atalantika, jirage sai su tsaya a nesa ana jidar kaya ta gadar ƙarfe a Grand-Bassam da Port-Bouët. A farkon ƙarni na 20 aka gwada tsaga tudun, yashi ya cike ramin. Da aka dawo wa aikin, sai injiniyoyi suka karkata bakin mashigin ya fuskanci wani kwazazzabo mai zurfi da ke ƙarƙashin teku daf da gaɓa, wanda ake kira Trou sans fond, rami marar gindi, domin ruwan da ke fita ya riƙa kwashe yashi yana zubawa a ciki. An fasa mashigin a Yulin 1950, tsawonsa kimanin kilomita 2.7, kuma François Mitterrand, yana ministan ƙasashen Faransa na ƙetare, ya buɗe tashar a Fabrairun 1951. A 2019 aka kammala faɗaɗa shi don manyan jiragen zamani.

Ramin ba ya ganuwa. Na jingine keke na zuba wa ruwan ido, ruwa ne kawai kamar kowane. Can sai ga jirgin kwantena ya kunno kai, tsayinsa kamar bene, ƙananan jiragen ja suna riƙe da shi gaba da baya, ya bi ta gabana a hankali ya shige tafki. Tayar baya ta yi sanyi tun wajen tankokin mai, kuma mai faci mafi kusa yana can Treichville.