Labarin Bishop Tugwell, Wanda Sarki Alu Ya Sallama

Bayan haka, ku sani ya jama'ar Haɗejiya, shekara shida kafin yaƙin 1906, wani babban limamin Nasara, Bishop Herbert Tugwell, ya taso daga Ikko shi da mutum huɗu, cikinsu har da Likita Mila. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma da suka isa Kano, Sarki Alu ya umurce su da fita. Suka koma Girku, can ɗayansu ya mutu.

Sai dai a faɗi gaskiya ko a kan baƙo: mutumin nan ya daɗe yana yaƙi da fataucin barasar da jirage ke saukewa bakin teku, har Turawan Ikko, danginsa, suka yi ƙararsa a 1899. Ya mutu a 1936.